Wayar da Ta Sha Hayaƙin Duhan

A gidanmu an yanke shawara cewa ba abin da ya sami Muhsina. Baffa Maliki ne ya faɗa, Inna ta gyaɗa kai, yayana Uzairu, wanda shi ne mijinta, ya dubi ƙasa. Ni kaɗai ban yarda ba, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Ranar da masu bindiga suka shigo ƙauyenmu, gabas da Managil, maza sun watse cikin dawa. Muhsina tana bakin tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki, tana wanki. Ta dawo gida bayan azahar, ba tob, mayafinta, a jikinta, ba takalmi a ƙafarta. Tana da ƙaramin ciki a lokacin, bai yi nisa ba ya zube. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, domin ita ma ba ta ƙara ba.

Jinin bai tsaya ba. Zazzaɓi yana zuwa da yamma, ya sake ta da safe, ta tashi ta yi kisra, wainar dawar da muke ci kullum, kamar kowa. Na ce a kai ta asibitin Managil. Inna ta dube ni kamar na zagi kabarin mahaifina.

"A kai ta ta ce musu mi? Likita shi tambaya, ta ba shi amsa, ɗiyar Tahir da ke aiki can ta ji, kafin magariba an san shi a kowane bakin murhu? Ke dai boko ya cinye miki kunya."

"Inna, jini take zubarwa."

"Ke kin taɓa ɓari? Ni na yi, uwata ta yi. Duhan ne maganinsa."

A bayan ɗakin Inna akwai ramin duhan, an kewaye shi da zana. Ana zuba garwashi a ciki, a ɗora itacen ɗalhi mai ƙamshi, mace ta zauna a kan tabarma mai huji a tsakiya, ta lulluɓe da shamla, wato bargo mai kauri, hayaƙi ya ratsa ta. Na matan aure ne. Budurwa ba ta zama a kai, namiji kuma ba ya leƙa wurin ko da gobara ta tashi. Kullum bayan la'asar Inna takan haɗa ramin, ta ba Muhsina ruwan bagaruwa, ta zaunar da ita, ta tafi harkarta.

Sunana Huda. Ina karatun kwamfuta a jami'a a Madani lokacin da yaƙi ya rufe ta, na dawo gida da jaka ɗaya da abin da ke kaina. Ba na jin kunyar abin da na sani, kuma ban taɓa ɓoye shi don wani namiji ya ji daɗi ba. Da aka yanke layin waya, ni na saka wa Uzairu shabakar nan, manhajar aika saƙo da ba ta buƙatar layi. Ni na koya masa, amma shi yake koya wa duniya. Yakan zauna da abokansa a inuwar darbejiya suna shan jabana, wato gahawa, ina jin sa ta bayan katanga yana maimaita kalmomina.

"Ya zol, ɗan'uwa, wagga shabaka ba ta da ubangida. Ba lamba, ba suna, ba kamfani, ba hukuma. Saƙo na tsalle daga waya zuwa waya, a kulle, har shi kai inda akwai intanet. Ko ni da nike ɗauke da saƙon wani a aljihuna ban iya buɗe shi. Yau talaka ya samu baki!"

A shabakar sunansa Ɗan Tur'a. Yana rubutu a kan masu bindiga, a kan manyan da suka gudu suka bar manoma, a kan ruwan da ba ya isa gonakin ƙarshen layi. Ya iya rubutu, ba zan hana masa ba. Ranar kasuwa yakan kai albasa Managil a bas, wayarsa ta kwashi saƙonnin ƙauye duka ta sauke su can, ta ɗebo amsoshi ta dawo da su.

Wata la'asar na shiga bayan zana na tarar da Muhsina, kanta kawai ke waje, gumi na sauka daga goshinta.

"'Yar jami'a, mi ya kawo ki? Fita kafin ƙamshin shi kama ki a ce kin yi miji a ɓoye."

"Wa zai ɗauke ni da wannan bakin?"

"Ai na ce wa yayanki, duk wanda ya aure ki sai mu yi masa ta'aziyya."

Ta yi dariya, dariyar ta ƙare a cije leɓe. Na tura mata wayata ta ƙarƙashin shamla. Na ce mata akwai wani zaure a shabakar, na mata zalla, kuma akwai likita a cikinsa. Ba wanda zai san sunanta, ko ƙauyenta, ko wayar da ta yi rubutun.

"Ko yayanki?"

"Ko shi. Ko ni, in kin goge."

"To wa zai kai?"

"Wayarsa. Ranar kasuwa."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ja kanta cikin shamlar gaba ɗaya. Na tsaya a bakin zana ina gadi, ina jin numfashinta. Ta zaɓi suna Yakuwa, saboda ita ta shuka wadda ke bayan randunan ruwa. Da Larabci ta yi rubutun, kamar yadda ta koya a makaranta. Ta rubuta abin da ba ta faɗa wa mijinta ba, ba ta faɗa wa uwarta ba, ba ta faɗa mini ba. Na ga tsawonsa, ban karanta ba.

Uzairu ya kai shi Managil a aljihun jallabiyarsa, tare da buhunan albasa. Da yamma ya dawo da amsa bai sani ba.

Mata da yawa sun amsa. Wata daga Sinja, wata ba ta faɗi inda take ba, wata ta rubuta kalma biyu kawai: ni ma. Muhsina ta riƙa karanta wannan tana maimaitawa. Amma amsar likitar ce ta kira ni ta nuna mini. Likitar ta ce alamun da aka faɗa mata na nuna wani abu ya rage a mahaifa kuma ya fara ruɓa. Ta ce a daina hayaƙi nan take. Ta ce wannan ba ciwon da ake jira da shi ba ne, sai an wanke a asibiti. Ta ƙara da cewa akwai matan sa kai a Managil masu zuwa da raksha, keke mai ƙafa uku, su ɗauki mara lafiya ba tare da surutu ba, amma sai an gaya musu ƙauye da gida.

"Kin ce ba wanda zai san inda nike," in ji Muhsina.

"Ba wanda zai sani sai kin faɗa."

"In na faɗa, raksha ta tsaya ƙofar gidan ga, mi za a ce?"

"A ce an zo ɗaukar mara lafiya."

"Ke ba ki san mutane ba, Huda. Littafi kika sani."

Ba ta faɗa ba. Ba ta kuma daina duhan ba, domin in ta daina Inna za ta tambaya, kuma domin ramin nan ne kaɗai inda ake barinta ita kaɗai da waya. Abin da ke ƙara mata ciwo shi ne ƙofar da take magana ta cikinta. Na sani, na ci gaba da miƙa mata wayar, ina fatan gobe za ta rubuta sunan ƙauyen.

Zazzaɓin ya daina sakinta da safe. Ta daina yin kisra, sannan ta daina zama a miƙe in ba ta jingina ba. Wani wari ya fara fitowa daga ɗakinta wanda turaren wuta bai iya rufe shi ba. Inna ta ƙara yawan ɗalhi a ramin.

Na tare Uzairu a zaure yana ɗaure buhu.

"Yaya, matarka mutuwa za ta yi."

"A'uzu billahi. Ke ce Allah?"

"Kai da kake shiga Managil kowace kasuwa, sa ta a bas ɗin mana."

"Hanya akwai shinge. Su tsai da mu, su ce mi ke damunta, in ce mi? Bari a girbe dawa, hanya ta lafa."

"Albasarka tana wuce shingen."

Ya miƙe. Na ɗauka zai mare ni, amma sai ya rage murya, abin da ya fi mari ciwo.

"Ke kina tsammani ban damu ba? Ban sake ta ba. Ban ce mata uffan ba. Wani da tuni ya mai da ita gidansu. Ni na rufa mata asiri, ke kuma so kike in kai ta a kwance a buɗe ta gaban maza. Sutura nike mata, Huda. Ita ma ta sani."

Na je wurin Baffa Maliki, wan mahaifinmu, wanda gonar gidanmu ke hannunsa tun rasuwar babanmu. Ya saurare ni yana jan carbi. Ya ce cuta da magani duk na Allah ne. Ya ce yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, ni ma ina cikin lissafin, kuma gidan da aka san masu bindiga sun taɓa ba a neman aure a cikinsa. Ya ce don ni ake yi. Na ce masa ban roƙa ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Ban tsaya nan ba. Na bi ta bayan gari na kira daya, unguwarzomar ƙauyenmu, tsohuwa Asabe. Ta ɗauko akwatinta ta biyo ni. Baffa ya tare ta a bakin ƙofa da fara'a.

"Hajja Asabe, marhaba! Lafiya lau muke. Malariya ce 'yar kaɗan, an ba ta magani. Yarinyar ga tun da ta dawo daga Madani ko tari aka yi sai ta ce a kira likita."

Asabe ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce Allah Shi sawwaƙe, ta juya. Ban ga laifinta sosai ba. Ita ma a garin take kwana.

Ranar da Muhsina ta kasa tafiya ramin da ƙafarta, Inna da ni muka riƙe ta muka zaunar da ita. Da Inna ta fita, ta miƙo hannu ta ƙarƙashin shamla ba tare da na ce komai ba. Hannun kamar garwashi. Ta daɗe tana dannawa, yatsunta na kuskure. Sannan ta miƙo mini ta ce in karanta. Ta rubuta sunan ƙauyenmu. Ta rubuta: gida na bayan injin niƙa, ƙofa shuɗiya, ku tambayi Yakuwa, ku zo don Allah.

"Na faɗa, 'yar jami'a. Kin ji daɗi?"

"Gobe kasuwa. Jibi kina asibiti kina yi wa nas rashin kunya."

"In na warke zan nemo miki miji kurma."

Saƙon yana cikin wayata yana jira. Abin da ya rage kawai wayata ta kusanci tasa tana kunne. Amma batirin ya mutu a hannun Muhsina kafin ta fito daga ramin, kuma faranti ɗaya na sola da muke da shi yana kan rufin ɗakin Uzairu. Da safe na kai masa ita kamar kullum, na ce ya sa mini ko na ɗan lokaci kafin bas ta zo.

Ya karɓa. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. Ya ɗaga wayar zuwa hancinsa.

Rigar wayar ta roba ce. Ta sha hayaƙin ɗalhi la'asar bayan la'asar a ƙarƙashin shamla, ni kuma da nake riƙe da ita kullum hancina ya saba, ban ƙara jin komai ba. Na san yadda ake kulle saƙo ta yadda hukuma da duk injinanta ba za su buɗe ba. Ban yi tunanin cire rigar roba ba.

"Ke kin fara duhan ne ba aure?" Ya faɗa da wasa a bakinsa. Sai na ga wasan ya bar fuskarsa a hankali. Ya dubi ɗakin Muhsina. "Mi take yi da wayarki a rami?"

"Tana magana da likita."

"Wane likita? Mi ta ce mata?"

"Gaskiya."

"Buɗe."

"Ba zan buɗe ba. Ba kai ne kake cewa ko mai ɗauke da saƙo ba shi da ikon buɗe shi ba? Ba kai ne kake cewa talaka ya samu baki ba?"

"Wannan daban! Ni maganar ƙasa nike yi. Ita asirin gidana take watsa wa mutanen da ba mu san ko su wa ne ba."

"Ba su san ko ita wa ce ba, Yaya. Ba su san ka ba. Ka sa wayar a caji kawai, ka kai, ba sai ka yi komai ba."

"Wato ni nike kai mata? A aljihuna?"

Bai fasa wayar ba, bai jefa ta a tur'a ba. Uzairu ba mai hauka ba ne. Ya sa ta a akwatin ƙarfensa a mace yadda take, ya kulle. Sannan a gabana ya fito da tasa, ya shiga inda na taɓa nuna masa, ya kashe wurin da ke ba waya izinin ɗaukar saƙon wasu. Nasa zai ci gaba da tafiya a aljihun mutane. Shi dai ba zai sake ɗaukar na kowa ba. Ya hau bas da albasarsa.

Na yi duk abin da ya rage. Na fita zan tafi Managil da ƙafa, Baffa ya sa aka dawo da ni daga bakin gada, aka ce wa mutane aljanu ne suka taɓa ni. Na roƙi mai karo, amalanken jaki, ya zo da jakinsa, ya ce sai da izinin maigida. Na tsaya tsakar gida na faɗi abin da ya faru da ƙarfi, Inna ta kunna rediyo. Bayan haka na zauna kusa da Muhsina ina jiƙa tsumma ina ɗora mata. Takan farka ta tambaye ni, "Sun zo?" Nakan ce suna hanya. Daga baya ta daina tambaya da Hausa, ta koma kiran uwarta da Larabci, yumma, yumma. Uwarta tana Rusairis, an aika mata tun farko cewa malariya ce kuma da sauƙi.

Ta rasu da hantsi, ranar Laraba. Matan da suka yi mata wanka sun ga abin da suka gani, sun ji abin da suka ji, suka fito suna cewa malariyar bana ba ta da kyau.

Da aka shimfiɗa tabarmin makoki, Uzairu ya buɗe akwati ya ba ni wayata, ya ce in sanar da danginmu mata. Idonsa ja, kuma na yarda kukan gaskiya ya yi. Na sa ta a caji na kunna. Gidan cike yake da masu ta'aziyya daga Managil, kowa da waya a aljihu. Na manta da saƙon, wayar ba ta manta ba. Ya tsallaka zuwa aljihun wani, ya bi shi gida.

A cikin abin da wayoyin baƙi suka kawo mini akwai sabon rubutun Ɗan Tur'a. Ya ce yaƙi yana kashe matanmu a kan gado saboda ba hanya, ba magani, ba wanda zai yi magana a madadinsu. Ya ce shiru shi ne babban makamin azzalumi. Mutane da yawa sun yaba masa. Wani ya ce da a ce akwai irinsa goma da ƙasar ta gyaru.

Ba a naɗe tabarmi ba tukuna raksha ta tsaya a bayan injin niƙa. Mata biyu suka sauko, ɗaya da jakar magani a ƙarƙashin tob ɗinta. Suka dubi ƙofa shuɗiya, suka dubi taron, suka rage tafiya. Inna ta ɗauka masu ta'aziyya ne, ta sa aka kawo musu shayi da dabino. Babbar ta matso kusa da ni, da yake ni ce ke riƙe da waya, ta yi ƙasa da murya.

"Ya binti, muna neman Yakuwa."

Ban yi ƙasa da tawa ba.

"Sunanta Muhsina. Matar yayana ce, wancan mai farar jallabiya. Ta kira ku tun tana iya riƙe waya. Shi ya kulle saƙon cikin akwatinsa."

Inna ta ce, "Ku yi haƙuri, yarinyar ba ta da lafiya." Wata tsohuwa ta ce a ƙara wa baƙi sukari. Matan biyu suka ɗaga hannu suka yi fatiha, suka shanye shayin don kada su ci fuskar gida, suka koma raksharsu da jakar maganin ba a buɗe ba. Aka ci gaba da makoki. Ba wanda ya tambayi Uzairu komai, a ranar ko bayanta.

Har yanzu ina cikin gidan nan, ba a yi mini magana sai dole. Ramin yana nan, Inna ta share shi ta rufe da faifai, tana jiran wadda za a kawo. A zauren mata na shabakar wasu suna tambaya ina Yakuwa, kwana biyu ba a ji ta ba. Kullum kuma sababbi na shigowa, kowace da sunan ganye ko na tsuntsu, kowace a ƙarƙashin wani bargo a bayan wani ɗaki. Shabakar ta cika alƙawarinta, ba ta tona asirin kowa ba. Gidanmu ma bai tona ba. An rufa wa Muhsina asiri daga ciki da waje, har aka rufe ta da ƙasa.

Wannan rubutun ban sa masa sunan ganye ba. Ni ce Huda, gida na bayan injin niƙa, ƙofa shuɗiya. Rigar robar tana jikin wayar har yau, ban cire ba, ban wanke ba.